Kafin Ku Sayi Ƙarfe Ko Ɗaya: Neman Wurin Haɗa Motar Fareti da Inda Za A Ajiye Ta

Yawancin ƙungiyoyin da ke shirin fita da motar ado a fareti da zane suke farawa. A zauna a yi ta muhawara ko giwa za a yi ko jirgin ruwa, wane launi za a shafa, mutum nawa za su hau. Maganar inda za a haɗa abin sai a ture ta gefe, wai ai ba za a rasa wuri ba. Ana kuwa rasawa. Ko a samu wurin, a kwashe watanni ana walda da fenti, ranar fita a tarar kan giwar ya fi ƙofa tsawo da taƙi ɗaya, sai dai a sa zarto. Shi ya sa nake ganin tsarin da ya dace shi ne akasin wanda aka saba: a fara da wuri da hanya, su ne za su faɗa wa mai zane iyakarsa.

Mataki na farko: ku gane cewa wuri biyu kuke nema

Wurin haɗa mota daban, wurin ajiye ta daban, ko da a ƙarshe gini ɗaya ne zai yi muku duka biyun. Wurin aiki yana son lantarki mai ƙarfi, haske, iska, ruwa, banɗaki, da damar shiga da dare, amma na 'yan makonni ko 'yan watanni ne. Wurin ajiya ba ya buƙatar yawancin waɗannan. Abin da yake so rufi marar yoyo, daɓe busasshe da kwaɗo mai kyau, sai dai shi na kusan shekara guda ne, kuma ana fatan a maimaita baɗi.

Amfanin raba su shi ne yana sauƙaƙa roƙo. Mai sito da za ku ce masa ya ba ku wuri na wata goma sha biyu, ku yi walda, ku ajiye kaya, mutane su yi ta shige da fice, da wuya ya amince. Amma wanda kuka ce wa "mako takwas kawai, daga ranar kaza zuwa ranar kaza" zai iya yin tunani. Haka manomin da ke da rumfar tarakta da rabinta ba kowa: ba zai yarda a kunna masa injin walda kusa da ciyawa ba, amma ajiye tirela a kusurwa ba zai dame shi ba.

Mataki na biyu: ku karɓo ƙa'idojin fareti, sannan ku bi hanya da awo

Kowane fareti da ya amsa sunansa yana da takardar ƙa'ida: iyakar tsawo, faɗi, tudu (wato tsayi daga ƙasa zuwa sama), irin abin da za a ja motar da shi, da sharuɗɗan wuta. Ku karɓo ta a rubuce daga masu shiryawa, kada ku dogara da "bara haka aka yi". Sai dai wannan takarda hanyar fareti kaɗai take magana a kai. Akwai wata hanyar da babu wanda zai auna muku, wato daga ƙofar wurin aikinku zuwa inda ake jeruwa. A nan ake yin asara.

Manyan ma'abota wannan sana'a ma hanya ce ke juya su. Kamfanin Macy's da ke shirya faretin ranar godiya a birnin New York yana haɗa motocinsa ne a garin Moonachie na jihar New Jersey, a wani gini mai faɗin murabba'in ƙafa 72,000 da ya koma a 2011, bayan shekaru da dama a wata tsohuwar masana'antar alewa a Hoboken. Duk girman wannan gini, dole kowace mota ta naɗe ta koma ƙafa 12 da rabi a tudu, ƙafa 8 a faɗi, wato kusan mita 3.8 da mita 2.4, domin sai ta ratsa hanyar Lincoln da ta bi ta ƙarƙashin kogin Hudson kafin ta shiga birni. Can a Pasadena ta jihar Kalifoniya, inda ake faretin furanni tun 1890, akwai gadar sama kusa da ƙarshen hanyar da ke tilasta wa dogayen motoci su sunkuyar da kai zuwa kusan mita 5, shi ya sa ake sa musu injin da ke kwantar da sassan sama ya sake tayar da su.

Ku fita mutum biyu ko uku, da tef ɗin awo da littafi. Ku rubuta tudun kowace gadar sama kamar yadda allonta ya nuna, ku lura da rassan bishiya, allunan talla, fitilun hanya da wayoyin da suka ratsa titi. Wayar lantarki ba a auna ta da sanda ko tef, ko kusa. Kamfanin wutar ake tambaya. Ku duba kwanoni masu tsauri, shatale-tale, da tudun rage gudu, domin tirela mai dogon baya tana iya dukan ƙasa a wurin da ƙaramar mota ke wucewa salin-alin. Ku kuma tambayi hukumar kula da hanya iyakar abin da ake yarda ya hau titi ba tare da izini na musamman ba. A yawancin ƙasashen Turai faɗin mita 2.55 ne da tudun mita 4, a Amurka faɗin kusan mita 2.6. Abin da ya wuce haka yakan buƙaci takarda, wani lokaci har da rakiya, a kuma ƙayyade muku sa'ar da za ku motsa.

Idan wurare biyu suka samu, ɗaya babba mai nisa, ɗaya matsakaici kusa da inda ake jeruwa, ni na kusa zan ɗauka. Motar ado ba ta gudu. Iska kaɗai ta isa ta yayyage ado idan aka taka wuta, kuma kowace kilomita ƙarin dama ce ta lalacewa.

Mataki na uku: lissafin fili

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna tirela a ce shi ke nan. Mu ɗauki mota mai tsawon mita 9 da faɗin mita 2.5. Ita kaɗai murabba'in mita 22 da rabi ce. Amma mutane za su zagaya ta da tsani, da katako a kafaɗa, wani yana fenti wani yana wucewa ta bayansa. Ku bar mita ɗaya da rabi a kowane gefe, filin ya koma mita 12 da mita 5.5, wato murabba'in mita 66. Ba a zo kan teburin yanka ba, da inda za a jingina katako da ƙarfe, da inda sassan da aka yi wa fenti za su kwana su bushe ba tare da ƙura ta hau su ba, da kusurwar walda. Waɗannan sukan ci fili kwatankwacin na motar ko fiye. Don haka mai irin wannan mota ya nemi wajen murabba'in mita 130 zuwa 150 idan yana son aiki cikin walwala. Za a iya yi a ƙasa da haka, amma rabin lokacin zai tafi wajen gusar da kaya.

Tudu kuma lissafinsa uku ne, kuma mafi ƙanƙanta shi ke hukunci: tudun rufi, tudun abin da ya fi saukowa daga rufin (ƙarfen da ya gitta, bututu, fitila), da tudun ƙofa. Ku tuna ana ƙirga tudun mota ne daga ƙasa, ba daga kan dandamali ba. Tirelar da dandamalinta ya tashi mita ɗaya ta riga ta cinye mita ɗaya kafin a kafa komai.

Mataki na huɗu: ina ake nema, kuma yaya ake tambaya

Wuraren da suka fi dacewa da wuya a gan su a tallan haya, domin masu su ba su ɗauke su a matsayin abin bayarwa ba. Ku yi tunanin duk wanda sana'arsa ke da lokacin cika da lokacin fayau: rumfunan injinan noma, sito-siton amfanin gona bayan an kwashe kaya, wuraren ajiye jiragen ruwa, filayen baje koli da zaurukansu ke zama a rufe yawancin shekara. Sai garejin manyan motoci da na bas-bas, kamfanonin gine-gine masu yadi, masana'antun da suka rage aiki, manyan shagunan da aka tashi ba a samu sabon ɗan haya ba, makarantun koyon sana'a masu ɗakin walda da kafinta, da rumfunan ƙananan filayen jirgin sama. Kada ku manta da ƙaramar hukuma ko hukumar birni, domin sau da yawa suna da gine-ginen da su kansu sun manta da su.

Ku fara da cikin gida. A taron ƙungiya a tambayi kowa inda yake aiki, da inda ɗan'uwansa ko surukinsa ke aiki. Wuri irin wannan ta hannun sanayya ake samunsa fiye da ta wasiƙa. Bayan nan ku tambayi masu shirya fareti da tsofaffin ƙungiyoyi. Wadda ta daina fita wataƙila ta bar wuri, har ma da tirela.

Idan za ku je wurin mai gini, kada ku je da baki kawai. Ku riƙe takarda shafi ɗaya da ke nuna ko ku su wane ne, girman filin da kuke so da lambobi, ranar shiga da ranar fita, ranaku da sa'o'in aiki, yawan mutanen da za su riƙa zuwa, irin aikin da za a yi, sunan mutum ɗaya da zai ɗauki alhaki, da maganar inshora. Mai gini ba kyan motarku ne ya dame shi ba. Abu uku yake tsoro: gobara, wani ya ji rauni a ce laifinsa ne, da kuma ku shiga ku ƙi fita. Wanda ya amsa waɗannan ukun tun kafin a tambaye shi ya yi rabin ciniki. Sannan ku faɗi abin da zai samu: sunan kamfaninsa a jikin mota, gyaran wurin da sharewa, biyan kuɗin wutar da kuka sha, ko haya daidai ƙarfinku. Ginin da ke da mutane a ciki ɓarayi ba su cika yi masa ɓarna ba, wannan ma abin faɗa ne.

Kada ku ɓoye maganar walda da fenti don a ba ku wuri. Ranar da ya leƙo ya ga tartsatsi, ranar za ku kwashe kayanku, aiki kuma yana rabi.

Mataki na biyar: ranar duba wuri

Ku je da wanda zai ja motar ranar fareti, da mai waldarku, da wanda ya san lantarki. Ku fara da ƙofa. A buɗe ta har ƙarshe a gabanku, domin ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama takan bar wani yanki yana reto, abin da aka ce mita 4 ne sai ya zama 3.7. A auna faɗi daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ba daga bango zuwa bango ba. Sannan ku dubi ƙasa. Idan akwai gangara a bakin ƙofa, lokacin da tayoyin gaba suka sauka bayan motar zai ɗaga sama, abin da ya wuce lafiya a kan shimfiɗaɗɗen daɓe sai ya daki saman ƙofa. Ku bar rarar aƙalla santimita 20 zuwa 30 a sama.

Ga wata dabara mai arha da ke hana kuka. Ku zana siffar motar da alli a kan daɓe, da cikakken tsawonta da faɗinta har da ƙarfen ja. Ku haɗa firam na siraran katako daidai faɗi da tudun motar, mutum biyu su ɗauka su fita da shi ta ƙofa, su bi ta tsakar yadi har bakin titi. In da hali, a kawo tirelar ba komai a kanta a gwada shiga da fita. A nan za ku ga ko akwai filin juyawa, ko kuwa katangar maƙwabci ce ke jiran ku. Ƙofa mai faɗi da ke fuskantar lungu ba ta da amfani ga doguwar tirela.

Daga nan ku ɗaga kai ku dubi rufi. Da rana, duk inda haske ke ɗigowa ta kwano, ruwa ma zai ɗigo. Ku dubi gindin bango: layin datti da ya bi bangon a kwance alama ce ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Ku tambayi maƙwabta, ba mai gini ba, ko wurin yana ambaliya. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka a 2005, ruwa ya shiga wasu daga rumfunan da ƙungiyoyin bikin Mardi Gras ke ajiye motocinsu. Ba sai an kai ga irin wannan bala'i ba. Ruwa ɗan kaɗan ya isa ya jiƙa katako da takarda.

Mai lantarki ya buɗe akwatin wuta ya ga ko zai ɗauki injin walda da kwamfresa a lokaci guda. A duba ginshiƙai a tsakiyar zaure, domin fili mai ginshiƙi kowane mita biyar ba fili ba ne a wannan aiki. A duba kashin ɓera da hanyar gara. A ƙarshe ku tsaya a waje ku dubi gidajen da ke kusa, ku tambayi kanku ko za su jure ƙarar injin yanka ƙarfe da ƙarfe goma na dare, domin masu aikin sa kai da yamma suke samun lokaci.

Mataki na shida: wuta

A nan zan daɗe, domin nan ne abin ke zama rai da mutuwa. Motar ado tarin makamashi ce: katako, takarda, yadi, soso, roba, gam da fenti, duk a wuri ɗaya da injin walda. A ranar 7 ga Fabrairun 2011 gobara ta tashi a Cidade do Samba, rukunin rumfunan da birnin Rio de Janeiro na Birazil ya gina musamman don manyan ƙungiyoyin rawar samba masu fita fareti, ta cinye kayan uku daga cikinsu, wato Grande Rio da Portela da União da Ilha, saura kusan wata ɗaya a yi biki. Wannan wuri ne da aka gina don aikin, ba aron sito ba.

Tsarin aiki shi ne kariya ta farko. A gama duk walda da yankan ƙarfe kafin soso da yadi su shigo ginin. In dole ta sa a yi walda daga baya, a fitar da sashen waje. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ta ce a nisanta duk abin da ke kamawa da wuta ƙafa 35, kusan mita 11, daga inda ake aikin wuta, ko a rufe shi da bargon da ba ya ƙonewa, sannan wani ya zauna yana lura aƙalla rabin sa'a bayan an kashe inji. Dalili shi ne tartsatsi yakan faɗa cikin garin katako ya yi ta ci a hankali, sai kowa ya tafi gida sannan ya tashi. Ku ɗauki wannan ƙa'ida ko dokar inda kuke ba ta tilasta ba.

Fenti, tina (ruwan tsinka fenti) da fetur a ajiye su a akwatin ƙarfe mai murfi, nesa da kusurwar walda. Tsumman da ya sha man goge katako kada a tara shi a dunƙule, yana iya zafafa ya kama da kansa. A jiƙa shi da ruwa a cikin bokitin ƙarfe. Janareta waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri ba tare da an ji wari ba. Farin soso mai sauƙi da ake sassaƙa siffofi da shi yana narkewa idan tina ko fetur ya taɓa shi, yankansa da waya mai zafi kuma yana fitar da hayaƙin da ba a shaƙa, sai a inda iska ke ratsawa. A rataye tukunyar kashe gobara a kowace ƙofa da kusa da wurin walda, a nuna wa kowa yadda ake zare fil ɗinta. Hanyar fita biyu, kada a jingina ko falle ɗaya na katako a gabansu.

Ku gayyaci 'yan kwana-kwana su zo su duba tun kafin ku fara. Mutane na gudun haka don tsoron a hana su, amma gara a hana ku a makon farko da a rufe wurin saura kwana uku. Zuwansu kuma yakan kwantar wa mai gini da hankali.

Mataki na bakwai: a rubuta

Ko wurin kyauta ne, ko mai shi kawun shugaban ƙungiya ne, a rubuta yarjejeniya a sa hannu. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ginin da ba kowa yau, gobe mai haya zai iya zuwa da kuɗi a hannu. Abin da ya fi komai muhimmanci a takardar shi ne wa'adin tashi: kwana nawa za a ba ku idan yana son wurinsa. Ku nemi a rubuta cewa ba za a tashe ku ba a makonnin ƙarshe kafin fareti, domin motar da ba a gama ba ba ta motsuwa. Sauran su ne wanda ke biyan wuta da ruwa, wanda ke riƙe da makulli, irin aikin da aka yarda da shi, wanda zai kwashe shara, da halin da za a mayar da wurin. Ku ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga, har da tsagar daɓe da fasasshen gilashi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Inshorar mai gini yawanci ba ta shafi kayanku ko mutanenku ba, kuma aikin walda a ginin da aka yi wa inshora a matsayin sito yana iya ɓata tasa. Ya sanar da kamfaninsa, ku ma ku nemi taku. A kuma tabbatar dokar yankin ta yarda a yi irin wannan aiki a ginin.

Idan gini bai samu ba

Ba ƙarshen magana ba ne. A garin Zundert na ƙasar Holan, inda ake faretin furannin dahlia tun 1936 a Lahadin farko ta Satumba, unguwanni ashirin ne ke fafatawa, kuma kowace a cikin ƙaton tanti take haɗa motarta, a kafa shi watanni kafin biki a kwance shi bayan an gama. Fili mai shinge da daɓe mai ƙarfi, da tanti ko rumfar ƙarfe mai tamfol, sun isa. Sharaɗi shi ne a ɗaure shi da ƙasa sosai saboda iska, a nemi izini, a kuma yi tanadin gadi. Kwantena ɗaya a gefe za ta riƙe kayan aiki a kulle. Wasu sukan jera kwantena biyu da tazara a tsakani su ɗora rufi, motar ta zauna a tsakiya.

Hanya ta biyu ita ce a rarraba aikin: kai a garejin wane, fukafukai a ɗakin aikin makaranta, tirela a yadin wani, a haɗa su a kwana biyu na ƙarshe. Yana yiwuwa, amma sai da zane ɗaya mai awo da kowa ke bi, da gwajin haɗawa aƙalla sau ɗaya kafin a yi fenti.

Mataki na takwas: ku ƙera ta don ta kwance

Matsalar ajiya a teburin zane ake warware ta. A birnin Kyoto na Japan, manyan kekunan bikin Gion da ake ja a watan Yuli wasu sukan kai mita 25 a tudu da nauyin tan 12, amma ba a buga musu ƙusa. Da igiya ake ɗaure katakon, bayan biki a kwance a mayar da sassan ɗakin ajiya sai baɗi. Wannan tunani ne ya kamata ƙaramar ƙungiya ta ara. A haɗa sassa da noti maimakon walda duk inda ƙarfi ya yarda. Kada wani sashe ya fi ƙarfin mutum huɗu. In kwantena ce ma'ajiyarku, ku sani ƙofarta kusan mita 2.3 ce a faɗi da tudu, tsawon kwantenar kuwa kusan mita 6 ko 12, don haka kowane yanki a yanka shi daidai da haka. A rubuta lamba a kowace mahaɗa, a ɗauki hoto yayin kwancewa, notin kowane sashe a ƙulla shi a leda a ɗaure a jikinsa.

Ku kuma yanke shawara tun da wuri kan abin da ya cancanci ajiya. Tirela, firam ɗin ƙarfe, injinan motsi, fitilu, wayoyi da dogayen katako su ne dukiya. Adon takarda da ya sha rana da ruwa, wanda baɗi ma jigo zai canza, biyan haya a kansa asara ce. Ƙungiyoyi sukan cika sito da kawunan dodanni don tausayin wahalar da aka sha, shekara uku sai a rasa inda za a taka. A zaɓi ɗaya ko biyu masu kyau, sauran a sayar, a ba wata ƙungiya ko makaranta, ko a farke a ɗebi abin amfani.

Mataki na tara: shigar da ita ajiya

Ku sa ranar kwancewa a jadawali tun kafin fareti, da sunayen waɗanda za su zo, domin washegarin biki kowa ɓacewa yake yi. Kada a rufe komai da danshi a jikinsa. A bar shi ya bushe, a share ragowar furanni, hatsi, alewa da duk abin da zai kira ɓera. A ɗora sassa a kan katako ko kanta, kada su taɓa daɓe, a bar tazara da bango. A lulluɓe da yadi mai shan iska. Leda tana tara gumi, gumi kuma ke kawo funfuna da tsatsa. Ɗakin da danshinsa ke wuce kashi 60 cikin 100 na dogon lokaci ba wurin takarda da yadi ba ne, kuma ƙaramin agogon auna danshi zai gaya muku gaskiya. Kwantena a rana tana zafi da rana ta yi raɓa a rufinta da dare, don haka a buɗe mata kafofin iska.

Tirelar a ɗaga ta a kan madogaran ƙarfe don tayoyi su huta, a sa giris a mahaɗa, a tare tayoyi da katako maimakon a bar birki a ɗaure wata da watanni. A cire batir a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci. A zuƙe fetur daga janareta, domin yana lalacewa ya toshe kafireto. Idan waje za ta kwana, a yi wa tamfol ɗin tudu a tsakiya don kada ruwa ya taru, a kuma sa kwaɗo a ƙarfen ja, tirela abin sata ce. A rubuta jerin kayan da aka ajiye, a naɗa mutum ɗaya ya riƙa leƙawa duk wata, musamman bayan ruwa mai ƙarfi.

Mataki na goma: ku fara neman na dindindin

Ƙungiyar da ke neman sabon wuri duk shekara ƙarfinta a nan yake ƙarewa. Garuruwan da faretinsu ya yi suna sun gane haka. Viareggio ta Italiya, mai bikin da ya faro tun 1873, ta buɗe rukunin rumfuna 16 a 2001 don masu ƙera manyan motocinta na takarda, Rio kuma ta tattara manyan ƙungiyoyinta a wuri ɗaya kusa da tashar jiragen ruwa. Ba kowane gari ne zai iya wannan ba, amma ƙungiyoyi uku ko huɗu za su iya kama sito ɗaya, su raba haya da gadi da inshora, su sayi manyan kayan aiki tare. Sai an shata iyakar kowa da fenti a daɓe, an rubuta wanda ke fita farko ranar fareti (wanda ke kusa da ƙofa, ba wanda ya fi tsufa ba), an kuma amince da labule tsakanin masu gasa da juna don kada a leƙa zane.

Idan za ku tunkari hukuma, ku je a ƙungiyance tare da masu shirya fareti, da takarda mai nuna ƙungiyoyi nawa ne, fili nawa ake buƙata, da takamaiman ginin da kuka gani a rufe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makonni biyu ko uku bayan fareti, hotuna na yawo, jami'ai ba su manta da taron da suka gani ba. A wannan lokacin ne kuma ya kamata ku koma wurin wanda ya ba ku aron gini, ku miƙa makulli wurin a share, ku kai masa hoton motar da sunansa a jiki, ku tambaye shi ranakun baɗi tun a zaman.